Injiniya ba yaronka ba ne

Wallahi tun ranar Alhamis abin nan yake ci min rai. An saki manhajarmu ta tura kuɗi ta faɗi a ranar, kwastomomi suna ta zagi kuɗinsu ya fita bai isa ba, aka kira mitin da oga, sai furodak manaja, wato mai tsara abin da za a gina a manhajar da lokacin sakinta, ya buɗe baki a gaban kowa ya ce wai injiniyoyi ne ba su yi gwaji yadda ya kamata ba. Haba malam! Kai ne fa ka nace a sake ta kafin albashin ƙarshen wata, kai ne ka mayar da kwana 3 na gwaji wuni ɗaya, kuma maganar tana nan a Slack, manhajar da muke tattaunawar aiki a cikinta, yarinyar da ke gwajin sau biyu tana rubuto maka ba ta gama ba, ka danna mata babban yatsa ka wuce. Ina kallonta a mitin ɗin ta sunkuyar da kai tana murza biro, ko uffan ba ta ce ba.

Ni ma na daɗe a wannan aikin na furodak manaja, kuma abin da na gani shi ne ba ka da iko a kan kowa. Ba kai ke biyan injiniya albashi ba, ba kai ke ƙara masa girma ba, dizaina mai zana fuskar manhaja ma ba a ƙarƙashinka yake ba. Tun 1931 da Neil McElroy ya rubuta takardar da ake cewa ita ce asalin wannan aikin, a kamfanin Procter & Gamble na Amurka, yana neman a ware mutum ya kula da kaya ɗaya na kamfanin, nauyi aka ɗora wa kujerar nan, ba sarauta ba. Yarda kawai gare ka. In ka zubar da ita a gaban oga don ka wanke kanka, da me za ka yi aiki ranar Litinin?

Na san za a ce ai shi ma daga sama aka matsa masa. To sai me? Aikin ke nan ai, ka koma sama ka ce ba za ta yiwu ba ga dalili, a yi fushi da kai kai kaɗai.

Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma tiransifa na'urorinmu suka kasa ɗaukar lodi, wani injiniyanmu ya kai ƙarfe 2 na dare yana gyara, ba wanda ya tilasta shi. Watanni kafin nan ya yi wani kuskure, ni na je gun oga na ce ni na amince a saki abin, wanda kuma gaskiya ne. Bai manta ba.

Wani abin ma da ke damuna, da yawanmu ba mu taɓa tsayawa ko awa ɗaya a rumfar mai POS ba. Ka je Kantin Kwari da la'asar ka ga yadda mutum ke rantse wa kwastoma kuɗinsa za su dawo, layi ya taru a bayansa, shi kuma rasit ɗin da ya ƙi fitowa yake ta jira.