Tallar mota babu mota: Jaguar da cinikin biri a sama

Tun watan Nuwamban 2024 da kamfanin Jaguar na Ingila ya saki tallarsa ta daƙiƙa 30, nake jiran ranar da masana harkar talla za su daina kare ta. Har yanzu shiru. Duk wanda ya gan ta ya san abin da ke ciki: wasu mutane sanye da tufafi masu launin ɗaukar ido sun fito daga wata ƙofa zuwa fili mai ruwan hoda kamar wata duniyar, ɗaya riƙe da guduma, ana jero kalmomi a kan allo, wai a share abin da aka saba, wai kada a kwaikwayi kowa. Babu taya, babu sitiyari, babu ƙarar inji. Elon Musk ya tambaye su a shafin X ko suna sayar da motoci kuwa, kuma ko ba ka ƙaunar mutumin, ranar dai ya yi tambayar da ta dace.

Masu kare tallar suna da hujja guda da suke ta juyawa: ai duniya ta yi maganarta. To, mahaukaci ma idan ya tuɓe a tsakiyar kasuwa yana tara jama'a, amma ba wanda ke tambayarsa nawa ne. Can gefe kuma akwai su Donald Trump da suka mayar da zancen rikicin aƙida da siyasar Amurka, wannan kuwa rigimar gidansu ce. Abin da ya dame ni daban ne: ana kiran wannan abu "ba da labari cikin fasaha", alhali babu labari a cikinsa ko na sisin kwabo.

Labari yana buƙatar wanda ake ba da shi a kansa. Maroƙin da ya zo ƙofar gidan attajiri ya yi ta kiɗa da kirari, ya yabi gajimare da duwatsu da launin rigarsa, bai ambaci maigidan ko kakanninsa ba, wa zai yi masa kyauta? Talla roƙo ce, mota kuma ita ce ubangidan da ake wasawa. Motar alfarma ma ta fi kowace buƙatar wannan, domin ba wanda ke zuba miliyoyi a kanta don kawai ta kai shi ofis. Yana sayen abin da ake faɗa a kanta ne, da abin da za a faɗa a kansa idan ya fito daga cikinta.

Kuma ba yau aka fara faɗawa wannan rami ba. A 1989 kamfanonin Japan biyu suka shiga kasuwar motocin alfarma ta Amurka kusan lokaci guda. Nissan ya fito da Infiniti, ya cika talabijin da hotunan duwatsu da bishiyoyi da ruwa, ana ta falsafa, motar kuwa an ɓoye ta. Toyota ya fito da Lexus LS 400, ya jera kofunan gilashi kamar dala a kan murfin injinta, aka ɗora motar a kan na'urar gwaji aka taka mata wuta, tayoyi na gudu, kofi ko ɗaya bai faɗo ba. Shi ke nan labarin, kuma yaro ma ya gane: wannan injin ba ya girgiza. Lexus ta yi wa Infiniti fintinkau a ciniki. Mai shakka ya tsaya bakin titi a Abuja ko Kano ya ƙirga Lexus nawa za su wuce kafin ya ga Infiniti guda.

Kada wani ya ce ina nufin talla ta koma dillalin da ke karanto ƙarfin inji da yawan kujeru. A 2001 da 2002 BMW ya ɗauko manyan daraktoci irin su Ang Lee da Guy Ritchie da John Woo suka shirya gajerun finafinai takwas, Clive Owen na fitowa a matsayin direban haya, aka sa su a intanet tun kafin a haifi YouTube. Akwai harbi, akwai tsere, akwai ban dariya, amma cire motar ka ga ko saura me. A 2019 Mercedes ya ba da labarin Bertha Benz, matar da a 1888 ta ɗauki motar da mijinta Carl Benz ya ƙera da 'ya'yanta biyu ta yi tafiyar kimanin kilomita 106 daga Mannheim zuwa Pforzheim, ta tsaya wani kantin magani a Wiesloch ta sayi abin da za ta zuba wa injin. A tallar, mutanen ƙauye na kallonta a matsayin mayya. Ga jarumta, ga tarihin kamfani, ga kuma motar a tsakiyar komai.

Wadda na fi so ita ce ta kaji. A 2013 Mercedes ya nuna hannaye sanye da farin safa riƙe da kaji, ana juya jikinsu sama da ƙasa, kawunansu na tsaye cak. Duk wanda ya taɓa kama kaza a tsakar gida ya san haka take yi. Motar ba ta fito ba, na yarda, amma abin da ake nunawa halinta ne: tayoyi na fama da gargada, na ciki bai ji ba. Wa ya mayar da martani? Jaguar. Suka yi tasu tallar da kaza a hannu, sai damisar da ake kira jaguar, wadda kamfanin ya ɗauki sunanta, ta yi wuf, gashin kaza ya tashi sama. Watanni kaɗan bayan haka, a lokacin Super Bowl na 2014, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, suka jera Ben Kingsley da Tom Hiddleston da Mark Strong a matsayin mugayen fim na Ingila masu tuƙa Jaguar. Wato kamfanin nan ya iya, ya san kirarinsa, da kansa ya ajiye kalangun.

Zan yi musu adalci guda. An yi ta yaɗa cewa mota 49 kacal suka sayar a Turai a watan Afrilun 2025, ana ɗora wa tallar laifi. Wannan ba hujja ba ce, domin kamfanin ya riga ya dakatar da ƙera tsofaffin motocinsa yana shirin komawa masu lantarki zalla. Amma hakan ma ƙara tona asirin yake yi. Shago babu kaya, sai aka fito da masu rawa bakin ƙofa. Da suka nuna wani abu a Miami a watan Disambar 2024, samfurin gwaji ne mai suna Type 00, ba ta sayarwa ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma attajirin da aka ce ya jira yana da Porsche da Mercedes a layi ɗaya.

Tata Motors na Indiya, wanda ya sayi Jaguar daga Ford a 2008, shi ke biyan kuɗin wannan biki. Da ni ne su, sai in kira masu shirya tallar in ajiye musu makullin shahararriyar motar Jaguar E-Type ta 1961, in ce su zaga gari da ita su dawo, sannan mu zauna maganar abin da za a nuna a talabijin.