Don Allah mu daina zagin iyayen mutane saboda fim

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannena maza da mata masu bibiyar shirye-shiryen nan masu dogon zango. Maganar nan ta daɗe tana ci na a rai, shekaranjiya kuma na ga abin da ya sa na ce yau dai sai na amayar da ita.

Wata jaruma ce ta ɗora hotonta ita da mahaifiyarta, dattijuwa da lulluɓinta, ta rubuta addu'a a ƙasa, ba tallar fim ba ba komai ba. Na shiga in ce amin kawai, wallahi abin da na tarar sai da jikina ya yi sanyi, wannan ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ita, wancan ya ce ai daga ganin uwar ka san inda ta gado makirci, wata kuma yarinya ce fa da hoton Ka'aba a furofayil ɗinta ta rubuta kalmar da ba zan iya maimaitawa ba. Laifin me ta yi? Wai a shirin da take fitowa ita ce muguwar kishiya. Shi ke nan fa.

Haba jama'a. Ita ta rubuta labarin? Akwai marubuci da ya zauna ya tsara wa za ta cuta da yadda za ta cuce shi, akwai darakta da zai ce a sake, ba ki harare ta sosai ba, ita dai takarda aka ba ta ta haddace, kuma sau da yawa abin da kake kallo yau an ɗauke shi tun watanni baya, ita da wadda take "cuta" ɗin ƙila a kwano ɗaya suka ci abinci ranar a lokeshan. In har ta sa ka ji kamar ka fasa waya don haushi to ta iya aikinta ke nan. Dukanmu da tatsuniya muka tashi, kaka za ta kwaikwayi muryar kura ta kwaikwayi wayon Gizo har mu ƙanƙame juna don tsoro, akwai wanda ya taɓa tashi da safe ya ƙi gaida ta don ta yi muryar kura?

Ni na san lokacin kaset. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 mutane ke da ra'ayi a kan fim, kuma ana musu sosai, amma musun a bencin mai shayi yake ƙarewa ko a tsakar gida, in ya yi zafi ƙwarai mutum ya rubuta wasiƙa zuwa mujallar Fim, ya sa sunansa da unguwarsu, edita ya karanta kafin a buga. Daga lokacin da tashar Arewa24 ta fara a 2014, ga YouTube ya zo, shiri ya koma duk sati, sai ya zama fushinka na minti biyu yana sauka kai tsaye cikin wayar mutum, yana kwance a ɗakinsa, 'ya'yansa ma suna iya karantawa. Wannan ne ba mu lissafawa.

Ku tuna lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Ba laifi ka ce ka fi sabawa da ta farko, ido ya riga ya saba, ni ma sai da na ɗauki lokaci. Amma na ga 'yan mata ƙawayen juna sun rabu gida biyu suna jifan juna da baƙaƙen maganganu a kan jarumai biyu da ko sunan 'yan matan ba su sani ba. Kowa da gwaninsa, gaskiya ne, amma yabon gwaninka bai buƙatar sai ka ci mutuncin na wani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙazafi. Da an ga mace a fim sai bakin wasu ya buɗe, a ce ai 'yan fim duk kaza ne, a ƙirƙiro mata saurayi, a ƙirƙiro mata otal da rana da wata. Ƙanina, ka buɗe Suratun Nur aya ta 4 ka karanta da fassara. Wanda ya jefi mace kamammiya bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ne, kuma a daina karɓar shaidarsa. Ayar ba ta ware ta ce ban da 'yar fim ba, ba ta ce ban da wanda ya rubuta da sunan bogi ba. Ka ɓoye wa mutane sunanka, to mala'ikun da ke kafaɗarka fa? Sannan ga hadisin da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, sahabbai suka yi mamaki wa zai zagi iyayensa, ya bayyana musu cewa mutum ne zai zagi uban wani, shi kuma ya rama a kan nasa uban. Wato duk ashar ɗin da ka ɗura wa uwar wani, taka uwar da ke gida tana tuƙa maka tuwo ka jawo wa.

Kar wani ya ce ina hana suka. A'a wallahi, a soki fim, akwai abin suka da yawa ma. Labarin da ya kamata ya ƙare a zango biyu a ja shi har biyar, talla ta cinye rabin lokaci, murya na fita baki bai motsa ba, a nuna likita yana abin da ko ɗan kemis ba zai yi ba, a sa wa 'yar ƙauye kwalliyar da ko amaryar birni sai haka. Faɗi wannan, ka faɗi minti nawa ne abin ya faru, masu shirin da ke da hankali za su amfana. In kuma ka ga abin da ya taɓa addini ko tarbiyya, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, aikinta ke nan. In duk bai yi maka ba ka daina kallo, shi ne abin da ya fi yi musu ciwo, don yawan masu kallo ake ƙirgawa, kai kuma kana zagi amma duk sati kai ne na farko da datarka.

Ku ma 'yan gem ban manta da ku ba. Mai PUBG ya raina mai Free Fire, mai FC ya ce eFootball na yara ne, wannan duk raha ce. Amma a buɗe makirfo ana wasa ashar kawai ke tashi, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana ɗanɗana wa wanda ya haife shi a shekaru, a gidan gem a ci mutum uku da nema ya jefar da fad, wato abin danna gem ɗin, ya zagi uwar abokinsa, to nan ba wasa ake ba kuma.

Cikin waɗanda suka yi rubutu a ƙasan hoton jarumar nan na gane wani yaro ɗan layinmu, yaron da in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Ban yi masa magana a bainar jama'a ba, na kira shi gefe bayan isha'i na nuna masa abin da ya rubuta, na ce karanta min da bakinka. Ya kasa. Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi yaya ban ɗauka tana karantawa ba. A gabana ya goge, na ce saura ka nemi yafiyarta, ya tsaya yana juya wayar a hannu ya ce to me zan ce mata, sai muka zauna a dakalin masallaci muka rubuta tare.