Saba Mai Hutun La'asar

Kawuna dillalin shinkafa da sukari ne a wajen Ƙofar Marusa, kuma rigimar shagonsa ɗaya ce tun da na yi wayo: kwamfutar kashiya ta ce saura buhu arba'in na sukari, ta sito ta ce goma sha biyu, shi kuma Kawu ya buɗe tasa ya tarar da lissafin watan azumi. Kowa da fayil ɗinsa na Excel, kowa kuma sai ya rantse nasa ne gaskiya. Da na gama karatun kwamfuta ina zaman jiran aiki, na ce masa maganin abin shi ne rumbun bayanai guda ɗaya, a zuba shi a kwamfuta ɗaya, sauran kwamfutocin su riƙa shiga ta wayar sadarwa. Ya ce, "Nawa?" Na ce kyauta. Ya ce, "To bismillah."

Na zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin buhunan sito, na kakkaɓe ta, na ɗora mata Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da MySQL, manhajar rumbun bayanai. A kanta komai lafiya lau. Na taka zuwa teburin kashiya ina tafiyar injiniya, na danna, sai ga kuskure mai lamba 2003, wai ba a samu saba ba, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun. Sabar da ke bayan bango, ina jin kukan fankarta! Ashe daga haihuwa MySQL a kan Ubuntu adireshin 127.0.0.1 kaɗai take sauraro, wato kanta da kanta, kamar matar kulle da ba ta amsa sallamar baƙo. Na buɗe fayil ɗin saitinta, mysqld.cnf, na gyara layin bind-address mai faɗa mata adireshin da za ta saurara, na buɗe ƙofa mai lamba 3306 a katangar tsaro, na dawo. Yanzu ta amsa sallama, amma ta jefo min 1130: wannan kwamfutar ba ta da izinin shiga. Sai da na yi wa kowa asusunsa, na taƙaita shi ga adireshin cikin shago.

Nan ma sai da aka yi zaman kotu. Kawu ya dage lambar wayarsa ce za ta zama kalmar sirri, don ita kaɗai yake riƙewa. Lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin titi, ko mai Keke Napep ya haddace ta. Shi kuma kashiya, da ya ga na ba shi ikon shigarwa ban ba shi na gogewa ba, ya kumbura ya ce, "Ni ɓarawo ne ke nan?" Ya daina amsa min gaisuwa sai da goro ya shiga tsakani.

Aka ɗauke wuta aka dawo, rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin shagon, ta raba musu sabbin adireshi, saba ta ɓata. Wannan bai ba ni wuya ba, na kafe ta a adireshi ɗaya, 192.168.1.10.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Kullum ana idar da sallar la'asar, sai rumbun ya mutu. Na zo na tarar da kwamfuta a kashe, filogi a soket daram, wuta kuma akwai. In na kunna, kundin kurakurai ya nuna InnoDB, sashen MySQL mai ajiye bayanai, tana ta faman farfaɗowa daga mutuwar fuju'a, kuma kullum kusan lokaci ɗaya. Na canza waya, na canza rauta, na hure ƙura, na zargi zafin Katsina. Kashiya ya ce shi dama ya san siton nan ba mu kaɗai ne a ciki ba, a nemo turaren hayaƙi. Kawu kuwa ya fara kirana "Injiniya" da wata irin murya wadda duk ɗan da aka kashe wa kuɗin makaranta ya san ta.

Ranar nan na yi sallata da wuri, na laɓe bayan buhunan shinkafa. Can sai ga Baba maigadi ya shigo da carbi a hannu ɗaya, hita a ɗayan. Ya durƙusa a nitse, ya yi bismillah, ya zare filogin saba, ya soka na hitarsa. Fanka ta yi shiru, ni ma haka. Ya jira ruwa ya tafasa, ya jefa ganyen shayi da citta da kanumfari, ya ɗebi sukari a buhun da ya fashe (ga wani ɓangare na giɓin lissafi ya bayyana), sannan ya mayar da filogin yadda ya same shi. Har da goge mata ƙura da gefen rigarsa.

Na fito na ce, "Baba, barka da yamma. Wannan fa ita ke riƙe da lissafin shagon nan kaf."

Ya ce, "Ai shi ya sa nake mayar mata, ɗan nan. Ban taɓa barin ta haka ba. Za ka sha?"

Na sha. Shayin kam ba laifi.

Na kai ƙara gaban Kawu da hujjoji, na yi bayanin yadda yanke wuta haka ke iya lalata bayanai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Baba yana dafa shayi a soket ɗin nan tun ina yawo ba wando, don haka kwamfuta ce ta zo ta same shi. Da kuɗin aljihuna na je kasuwa na sayo ekistenshan mai rami shida, na shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, na sa saba ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo, na naɗe filoginta da salatif na rubuta KAR A CIRE.

Washegari na tarar da hita a rami ɗaya, cajin wayoyin lebura a huɗu, fankar kashiya a na shida. Filogin saba na ƙasa da salatif ɗinsa. Na tambayi wanda ya cire, wani lebura ya ce shi fa ƙaramin caji yake so, kashi talatin kawai, in yi haƙuri yanzu zai mayar.