Kun bar wahalar da ke bayan kyaututtukan Audra McDonald

Madalla da rahotonku kan 'yar wasan dandamali kuma mawaƙiya ta Amurka, Audra McDonald, sai dai kun tsaya kan kyaututtukan Tony shida da ta ci, wato lambobin yabo na wasan dandamali a Amurka, kuka bar gumin da ke bayansu. Wasan dandamali a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, ba fim ba ne da za a ce a sake ɗauka. Sau takwas a mako ake hawa, a rera waƙa, a yi kuka a gaban jama'a, kuma murya ba ta da damar dushewa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 2014, da ta fito a matsayin mawaƙiya Billie Holiday. Mace da ta koyi waƙa a makarantar Juilliard, ta ajiye tsabtatacciyar muryarta, ta ɗauki gajiyayyar muryar matar da giya da ƙwaya suka cinye. Wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da shi ta zama ta farko da ta ci Tony a duk rukunoni huɗu na 'yan wasa (jaruma da mai tallafa wa jaruma, a wasa mai waƙe-waƙe da kuma marar waƙe-waƙe), alhali ta farkon ta samu tun 1994 tana da shekara 23. Don Allah ku kawo mana labarin tasowarta a Fresno ta jihar Kalifoniya.