Dodon Kongo: a gidan tarihin Turai aka haife shi

Wannan bidiyon da ake ta turawa tun shekaranjiya, wanda wai ya nuna dainoso da rai a tafkin Tele da ke yankin Likouala a arewacin Kongo, har an liƙa masa cewa marubutan labaran kasada gaskiya suka rubuta, ya ishe ni. Ku daina yaɗa shi don Allah. Dabbar nan mai dogon wuya da ake kira mokele-mbembe, a siffar da kuke gani a bangon littattafai, hoton Turawa ce. Daga gidajen tarihinsu ta fito, aka kai ta dajin Kongo aka ajiye.

Ku bi shekarun kawai. A 1905 aka kafa kwafin ƙwarangwal ɗin Diplodocus, wani dainoso mai dogon wuya, a Landan, a 1908 aka kafa a Balin da Faris, jama'a suka yi ta tururuwa. A 1909 Carl Hagenbeck, dillalin namun daji na Hambug, ya rubuta cewa ya ji labarin wata dabba rabi giwa rabi dodo a fadamun Rodeshiya. Ji ya yi, bai gani ba, jaridu kuma suka ɗauka. A 1912 marubuci Conan Doyle ya fitar da littafin labarinsa The Lost World, inda ya sa dainoso a kan wani tsauni a Kudancin Amurka. Sai a 1913 wani hafsan Jamus, von Stein, da aka tura yankin da Jamus ke mulka a matsayin Kamaru, ya rubuta abin da mutanen bakin kogi suka faɗa masa: dabba ce mai girman giwa ko dorina, mai dogon wuya, da haƙori ɗaya dogo wanda wasu ke cewa ƙaho ne, tana kife kwalekwale amma ba ta cin mutum, ganye take ci. Shi ma bai gan ta ba. Hoto ya riga labari zuwa, shi ya sa labarin ya ɗauki kamannin hoton.

Ga abin da ya fi tona asirin. A wancan zamani masana na zaton dainoso masu dogon wuya a ruwa suke zama, don wai ƙafafunsu ba za su ɗauki nauyinsu ba. A 1951 masani Kenneth Kermack ya nuna cewa in dabba ta nutse har ruwa ya rufe jikinta, kai kawai a waje, nauyin ruwa zai danne mata ƙirji har ta kasa jan numfashi. Sawunsu da ya daskare a dutse da ginin ƙafafunsu sun nuna a tudu suke tafiya, kamar giwa. To dodon da ake nema a Likouala yana zaune ne a fadama daidai da tsohon zanen da aka yi watsi da shi. Dabbar gaske ba ta kwaikwayon kuskuren mai zane.

Yadda ake binciken ma abin takaici ne. Baƙo ya iso ƙauye da tafinta da littafin hotuna da kuɗin hayar kwalekwale, kowa ya san abin da ya zo nema, ya buɗe shafi ya ce wannan ce? Roy Mackal na jami'ar Shikago ya je a 1980 da 1981, ya dawo da labarai, babu ƙashi ko ɗaya. A 1983 Marcellin Agnagna, masanin dabbobi ɗan Kongo, ya ce ya gan ta a tafkin Tele, kyamara kuma ba ta ɗauki komai mai amfani ba. Akwai wuraren da aka nuna wa mutane hoton karkanda suka ce ita ce.

Za a ce ai okapi ma, 'yar uwar raƙumin dawa da ke dajin Kongo, an daɗe ba a yarda da ita ba. An yarda a 1901, da fata da ƙoƙon kai suka isa Landan. Shi ke nan. Za a ce daji na da faɗi. Giwa ɗaya na cin ganye wajen kilo 150 a rana, tana barin hanya da kashi da karyayyun itatuwa. Dabba ba ta wanzuwa shekara miliyan 66 ita kaɗai, sai da garke mai haihuwa da mutuwa. A arewacin Kongon nan masu ƙirgar goggon biri, wato gorila, sun taka daji da fadama suna lissafa sheƙa ɗaya bayan ɗaya, har a 2008 suka ba da adadin birai 125,000. Ba su ci karo da haƙarƙari ɗaya ba. Tafkin Tele kuwa zurfinsa 'yan mitoci ne.

Mutanen Likouala ba maƙaryata ba ne. Suna da labarin ruwansu kamar yadda muke da dodon ruwa, mai ma'anarsa a wajensu, aka ƙwace aka sa masa rigar da ba tasa ba don littafi ya sayu. Wannan ne ke min ciwo.

Alhali ga na gaske a Nijar. A Gadoufaoua, cikin Tenere, aka tono ƙasusuwan Nigersaurus, dainoso mai haƙora sama da 500, wadda ta rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Kusa da Ingal aka tono Jobaria, aka raɗa mata suna a 1999 daga Jobar, halittar da Buzaye ke danganta ƙasusuwan da ita. Su labarinsu da ƙashi a ƙasa. Wanda ya shiga Yamai ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama ya ga ƙasusuwan dainoso, ya je da yara.