Idan Aka Rushe Masana'anta, Har Da Sunayen Kakanni Ake Binnewa

Jama'a, duk lokacin da wata babbar masana'anta ta durƙushe, lissafi iri ɗaya ake yi: ayyuka nawa aka rasa, bashin banki nawa ne, wa zai biya ma'aikata kuɗin sallama. Daga nan sai a yi gwanjon injuna, masu sayen tsohon ƙarfe su yanka abin da ya rage, katafila ta zo ta baje ginin, a yanka filaye. Ba kasafai za ka ji an tambayi inda aka kai takardun ofishin ma'aikata ba, alhali ga mai neman tarihin zuriyarsa, wannan ɗakin ya fi dukkan injunan daraja.

Dalili kuwa a fili yake. Mai mulki yana da jerin sunayen kakanninsa, malami ya bar rubuce-rubucensa, attajiri ya bar takardun filaye da na rabon gado. Lebura fa? Mutumin da ya baro ƙauye yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a bakin injin saƙa ko a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar kwal, sau da yawa wuri ɗaya tak aka taɓa rubuta sunansa a duniya, shi ne littafin kamfanin da ya yi wa aiki.

Wanda bai taɓa riƙe tsohon katin ma'aikaci ba zai raina shi. Ɗan kwali ne da ya yi ja don tsufa, gefensa ya cinye. A sama lamba ce, sannan suna, wanda sau da yawa akawu ya rubuta yadda kunnensa ya ji, ba yadda mai sunan yake faɗa ba. Sai garin da ya fito, ranar da aka ɗauke shi, sashen da aka tura shi, sunan wanda za a nema idan wani abu ya same shi. A ƙasa, wurin sa hannu, dangwalen babban yatsa. Wani lokaci a bayan katin a ga layi ɗaya: ya rasa yatsu biyu, an mayar da shi gadi. Jikan da ya tashi yana ganin hannun kakansa bai taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba, ga amsarsa nan a layi ɗaya. Sunan garin nan kuma shi ne zai kai shi ga dangin da aka rabu da su tun kafin a haifi mahaifinsa.

Wani zai ce ai gwamnati tana da nata kundin. Tana da shi, amma shi ma wuta ba ta ƙyale shi ba. Mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun lalace sanadin gobarar 1921. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone ƙurmus a 1942, kuma ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Wannan a ƙasashen da suka daɗe da rubuta haihuwa da mutuwa ke nan. To ina ga wuraren da kakanninmu ba su da takardar haihuwa ko ta aure? A can littafin albashi da littafin haɗari su ne kaɗai shaidar cewa wane ɗan wane ya taɓa rayuwa a wuri kaza, a shekara kaza.

Ku dubi gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York, ranar 25 ga Maris, 1911. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa. Shida daga cikinsu an binne su ba a san ko su wane ne ba, kuma haka suka kwanta shekara ɗari, har sai da wani mai bincike, Michael Hirsch, ya bi tsofaffin jaridu da takardu ɗaya bayan ɗaya ya gano sunayensu a 2011. Ya iya yin haka ne don akwai abin da aka ajiye. A Senghenydd da ke Wales, inda fashewar mahaƙar kwal ta kashe mutum 439 a 1913, an kafa wurin tunawa da sunayen mamatan, jikoki suna zuwa su nemi na kakansu. A Iva Valley ta Enugu 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a watan Nuwamban 1949. Dubban mutane aka kwasa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa ba su koma gida ba. Duk waɗannan suna da zuriya, kuma zuriyar tana da haƙƙin sanin abin da ya same su.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya a kewar da. Takarda haƙƙi ce. Shekaru da dama kamfanin ɗaukar leburori da aka fi sani da Wenela yana kwasar maza daga Mozambik da Malawi da wasu ƙasashen yankin zuwa mahaƙun zinare na Afirka ta Kudu, inda ƙurar dutse ta lalata huhun da yawansu. A 2019 kotu ta amince da sulhun rand (kuɗin Afirka ta Kudu) biliyan 5 domin biyan diyya ga waɗanda suka kamu da cutar huhu da tarin fuka, ko magadansu. Amma kafin a biya, sai an tabbatar mutum ya yi aiki a wace mahaƙa, kuma tsawon wane lokaci. Matar da mijinta ya rasu, idan rajistarsa ta ɓata, da me za ta kafa hujja? Takardar da aka mayar shara ita ce tsakanin marayu da haƙƙin ubansu.

Yadda takardun suke salwanta ba wani makirci ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Wanda kotu ta naɗa ya kula da kadarorin kamfanin da ya durƙushe, aikinsa shi ne ya sayar da abin da zai kawo kuɗi ya biya masu bin bashi, kuma tsohon fayil ba ya kawo ko sisi. A ƙasashe da yawa doka ba ta tilasta ajiye takardun albashi fiye da 'yan shekaru. Sai a kulle ofis a tafi. Kwanon rufi ya fara yoyo, ko ɓarayi su cire shi, damina ta shiga, gara ta bi, littattafan su manne da juna su zama dunƙule, ka ɗaga shafi ya biyo hannunka. Kafin katafila ta iso, an riga an gama asarar.

Game da gine-ginen kuwa, ban ce a bar kowane kango a tsaye ba. Mutane suna buƙatar gidaje, wasu wuraren ma cike suke da guba, dole a share su. Amma a zaɓi wasu a bari. Jamusawa sun rufe mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Essen a 1986, ba su rushe ta ba, a 2001 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, yau yaro yana iya tsayawa a inda kakansa yake sauka cikin rami. A Landan kuwa an rushe fuskar masana'antar taya ta Firestone a ƙarshen wani mako na hutu a watan Agustan 1980, ana gab da sa ta cikin gine-ginen da doka ta kare. Fushin da abin ya tayar ya sa aka yi gaggawar kare wasu gine-ginen zamaninta, sai dai ita ta riga ta tafi. Ginin yana da amfani ga mai binciken zuriya fiye da yadda ake zato. Kai tsoho bakin ƙofar da ya shafe ƙuruciyarsa yana shiga, za ka ji sunayen da ka yi shekaru kana tambaya a ɗaki bai tuna ba. Zai nuna maka inda jiniya take, inda heluma yake tsayawa, inda abokinsa ya faɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokaci. Masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a 1957, ta tsaya a 2002. Birtaniya ta rufe mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe, Kellingley, a 2015, Jamus ta rufe tata a 2018. Waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare kuma suke da rai sun tsufa, kullum sai raguwa suke yi, kuma akwai abin da ko takarda ba ta riƙe ba sai su: laƙabin da ake kiran mutum da shi, wanda ya kawo shi aiki, yadda aka haɗa aure tsakanin gidaje biyu a layin ma'aikata.

Don haka ina roƙon ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan fansho, da jami'o'i, da ma'aikatan gidajen adana tarihi, duk inda aka ji za a sayar da masana'anta, su riga 'yan gwanjo isa ofishin ma'aikata. Ɗaki ɗaya marar yoyo da na'urar ɗaukar hoton takardu sun isa a fara. Ya kamata kuma doka ta wajabta miƙa rajistar ma'aikata ga gidan adana tarihi kafin a kammala rufe kowane babban kamfani, a kulle ta na wasu shekaru idan ana gudun tona sirrin masu rai.

Mu kuma a gida, idan akwai dattijo ko dattijuwa da suka yi aikin kamfani, a zauna da su da waya a ɗauki muryarsu. Kada a ce "ba mu labarin da," a yi tambaya ƙwaya ɗaya: Baba, mece ce lambarka? Wane sashe? Wa ya koya maka aiki? Wace shekara aka sallame ku? Sannan a buɗe tsohon akwati a ɗauki hoton katin shaida, da takardar ɗaukar aiki, da katin ƙungiya, da ta sallama, gaba da baya, a tura wa 'yan uwa da dama. Idan akwai hoton da suka ɗauka da abokan aiki, a sa ya faɗi sunan kowa daga dama zuwa hagu, a rubuta a bayan hoton tun yana iya gane fuskokin.