"Yau ba ranarka ba ce, Alhaji"

Ranar Litinin da ta wuce, da misalin ƙarfe goma na safe, manhajar da muke rubuta ciniki da lissafin kayan sito a cikinta ta tsaya cak, alhali tirela biyu suna bakin sito ana lodi, 'yan dako sun jiƙe sharkaf da gumi, wani abokin cinikinmu da ya taso tun daga Maraɗi kuma yana zaune a kan benci yana jiran rasit domin ya kama hanya da wuri. Ina sayar da kayan masarufi a sari a kasuwar Singa, ina da rassa a Zariya da Katsina, kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san abin da tsayuwar lissafi na awa ɗaya ke jawowa, ba sai na yi masa bayani ba. Kashiya ba ta ganin wanda ya biya, mai sito bai san buhu nawa ya rage ba, reshen Zariya kuma yana ta bugo waya.

Saboda irin wannan rana na ɗauki shugaban fasaha na haya. Tsarin shi ne, kamfanin da bai kai ƙarfin biyan babban ƙwararre albashin wata cikakke ba sai ya yi hayarsa na kwana ɗaya ko biyu a mako, shi kuma ya raba sauran kwanakinsa ga wasu kamfanoni. Aikinsa ya zaɓa maka manhajar da ta dace, ya sa ido a kan yaran da ke rubuta ta, ya tsare bayanan abokan ciniki, ya tabbatar akwai kwafin lissafi a ajiye a wani wuri idan kwamfuta ta mutu, ya kuma hana masu sayar da na'urori cin kuɗinka a banza. Na yarda da tsarin, har yau ban ce ba shi da amfani ba. Wani kamfani ne a Abuja ya haɗa ni da nawa, aka sa mini Talata da Alhamis, aka ƙayyade ladan da dala, ina biya da naira a farashin ranar biya.

Sau huɗu na kira shi bai ɗauka ba. A kira na biyar ya ɗauka, na yi masa sallama cikakkiya, ya amsa rabinta. Na ce, "Injiniya, barka da asuba, ka yi haƙuri na dame ka, manhaja ce ta tsaya, ga motoci a bakin sito." Ya yi shiru na ɗan lokaci, ina jin ƙarar madannan kwamfutarsa, alamar bai ma ɗaga hannu daga abin da yake yi ba. Sannan ya ce, "Yau ba ranarka ba ce, Alhaji."

Na ɗauka ban ji daidai ba, na maimaita masa halin da ake ciki a hankali, na gaya masa akwai baƙo daga Nijar, na gaya masa kalmar sirri ta shiga rumbun bayanan tana hannunsa shi kaɗai, idan ya karanta wa yaronmu ita ta waya ma ya wadatar, minti biyu ba za su cika ba. Ya ce ba a ba da kalmar sirri ta waya, in aika da saƙo ta imel, za a duba cikin awa 48 kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Na ce, "Injiniya, awa 48 ai jibi ke nan, kai kuma gobe ma ranata ce." Ya ce to ai shi ke nan, in bari goben ta yi. Na roƙe shi da girman Allah, a gaban yarana na shago, waɗanda suka yi tsit suna saurare domin na sa wayar a sifika don akantana ya ji umarnin da na zaci za a ba shi. Abin da suka ji shi ne ƙaramar dariya, sannan wannan magana: "Alhaji, abin da kake biya na a wata, wani kamfani a Turai yana biya na shi a kwana uku. Taimakonka nake yi, kada ka mai da ni yaron shagonka." Ya katse wayar ba tare da sallama ba.

Wannan yaro sa'an ɗana na fari ne, Hausarsa irin tawa ce, ya san abin da ake nufi da girman furfura. Na shekara 26 a kasuwa, na ci bashi na biya, na yi asara na tashi, ban taɓa tsayawa a gaban ma'aikatana an mai da ni maroƙi ba sai ranar nan, kuma da kuɗina. Kalmar taimako ce ta fi yi mini ciwo, domin ban taɓa jinkirta ladansa ko da kwana ɗaya ba, har a watannin da dala ta yi tashin gwauron zabi na biya ban nemi ragi ba. Idan ranar ba tawa ba ce, to rumbun fa, na wane ne? Lissafin dukiyata ne a ciki, da sunayen mutanen da suka amince da ni, kuma wata 7 ke nan ina roƙon a ba akantana mabuɗi na biyu ana ce mini za a tsara. Mutumin da aka ɗauka domin ya raba ni da dogaro da mutum ɗaya shi ne ya ƙulle ƙofa ya sa mabuɗin a aljihunsa.

Ranar nan da littafi da biro muka sallami motocin, bayan la'asar, na biya direbobi kuɗin jira, baƙon Maraɗi ya kwana a Kano a kan aljihuna. Da Talata ta yi, gyaran bai ɗauke shi minti 20 ba, kuma bai ce mini uffan a kan abin da ya faru ba.

Da a ce wannan ne karo na farko da na haɗiye. Kafin shi na yi fama da yara uku. Na farko ya rubuta mana manhaja, ya samu aiki a Legas, ya tafi da duk abin da ke kansa, ba takarda ko ɗaya da ta nuna yadda ya gina ta. Na biyu ya ce aikin na farko shara ne, sai an sake daga tushe, na biya, ya kai rabi ya samu bizar Ingila. Na uku yaro ne mai amana amma ba shi da wanda zai koya masa, ya yi iya ƙoƙarinsa har ranar da alat na bogi ya cinye mana kuɗin buhunan sukari masu yawa, domin babu tsarin da ke haɗa abin da banki ya karɓa da abin da kashiya ta rubuta. A nan na gane cewa abin da na rasa babba ne mai hangen nesa wanda zai tsaya a kan yaran, na je na nemo shi, ga kuma inda na ƙare.

Amma idan na tsaya a kan wannan yaro kaɗai na yi wa gaskiya rowa, domin ba shi ya jefa mu cikin wannan rami ba. Gwamnati ce ta tura mu. A Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, aka tilasta wa mai sayar da gishiri da mai sayar da siminti komawa tiransifa da POS cikin 'yan makonni, ba tare da an tambaya ko akwai masu ilimin da za su riƙe mana wannan sabon lissafi ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Daga ranar duk wani ƙwararre da ke da kwamfuta da intanet ya gane cewa aiki wa Bature daga ɗakinsa ya fi masa aiki wa ɗan kasuwar Kano nesa ba kusa ba, wanda ya samu hanya kuma ya tattara ya bar ƙasar. Ta yaya mai cinikin naira zai yi takara da mai biyan dala a kan mutum ɗaya?

Sauran kuɗin da za mu iya ƙara wa ƙwararren ma an riga an kwashe su ta wata hanya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa, daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Kowace na'ura da ke shagona tana cin wuta, tana cin data, idan wuta ta ɗauke ta ci dizal. Ana ta yi mana shelar shirin gwamnati na 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, an kuma sa hannu a kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha tun 2022, to amma horon 'yan watanni ba ya samar da mutumin da za a damƙa wa lissafin kamfani mai rassa uku. Irin wannan mutum sai ya shekara goma yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, kuma na gaban sun tafi. Jami'o'in da ya kamata su ciyar da mu da su, irin su Bayero da Ahmadu Bello, an bar su a rufe wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malamai, babu wanda aka tuhuma.

Mu ma 'yan kasuwa da namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Attajirinmu zai gina filaza ta miliyoyi bai ji komai ba, amma idan aka ce ya biya mai ilimi albashin da ya dace sai ya ce ai danna kwamfuta ne kawai, ya kira ɗan ƙanwarsa ya ba shi kuɗin mota. Shekara da shekaru muna kiran su yaran kwamfuta muna aiken su sayen kati, ƙungiyoyin kasuwanninmu kuma ba su taɓa zama sun ce bari mu haɗa kuɗi mu ɗauki ƙwararru biyu ko uku su zauna a Kano su kula da shaguna hamsin ba, sai rigimar shugabanci da karɓar kuɗin ƙungiya. Yau da ƙwararrun suka samu mai daraja su a waje, sun dawo suna rama wulaƙancin a kan wanda bai taɓa wulaƙanta su ba.

Na ɗauko yarjejeniyar na sake karantawa daren jiya. Idan ina son rabuwa da shi sai na ba da sanarwar wata uku, in biya ladan watannin cif da dala, kuma babu layi ko ɗaya da ya tilasta masa miƙa mabuɗin rumbun kafin ranar ƙarshe. Na tambayi abokai biyu ko sun san wani, ɗaya ya ce nasa ya koma Kanada, ɗayan ya ce in riƙe nawa da kyau domin shi ko irinsa bai samu ba. Gobe Alhamis, ranata ce, kuma ni ne zan fara gaishe shi.